Hancin Inna

A gidanmu kowa da abin da aka san shi da shi. Baba da gona, Inna da turare, ƙanwata da gudu da hawan bishiya. Ni kuwa hanci ce. Haka Inna take gaya wa matan da suka zo karɓar humra: "Ku ɗan zauna, hancina bai taso daga makaranta ba." Sai su yi dariya, su baje a ƙarƙashin rumfa, har in shigo da littattafai rungume a ƙirji.

Ni ce ɗiyar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma jawo ni jikinta a gaban mutane. Kunya ce ta gado, tun daga kakanninmu da suka taso daga ƙasar Sakkwato suka yada zango a bakin wannan kogi. Ƙanwata ana kiranta da sunanta, a ƙara mata da na wasa guda uku. Ni suna ɗaya tak na taɓa samu daga bakin Inna, shi ne "hancina". Da shi na yi ta taƙama a cikin raina.

Inna ta gaji haɗa humra da turaren wuta daga mahaifiyarta. Amaren ƙauyenmu da na ƙauyukan bakin kogi har kusa da Damazin, da ƙamshin hannunta suke shiga ɗaki. Sai dai shekarun hayaƙi sun dusashe mata hanci. Ta san awo, ta san wuta, amma hukuncin ƙarshe ba ta yarda da kanta. Takan dangwala a bayan hannunta, ta kawo mini daidai fuska, ta ce, "Kin ji?" Ni kuma in lumshe ido, in ce sandal ya yi nauyi, ko kanumfari ya danne kajiji, ko farce bai gasu ba. Farcen nan ɓawon wata halitta ce ta teku. In an wanke shi an gasa shi sosai, shi ke riƙe ƙamshi a jikin tufa har bayan wanki. In an yi sakaci kuwa, sai bayan kwana goma ya taso da ƙarnin kifi, ya ɓata kwalbar gaba ɗaya. Tun ina shekara tara ba a taɓa rufe kwalba a gidanmu ban ce a rufe ba.

Ina shekara goma sha bakwai, ƙanwata sha biyar, muka bi Baba manyan gonakin da ke yamma da Damazin, lokacin kaɗe riɗi, don mu riƙa dafa wa ma'aikata abinci. Ranar dawowa Baba ya ɗora mu a kan lori, bisa buhuna, shi ya tsaya jiran sauran kaya. An yi wani ruwa na ƙarshen damina da ba a zata ba, baƙar ƙasar nan ta zama kamar danƙo. Da direba ya hango inda motoci suka kafe a gaba, sai ya saki hanya ya kutsa cikin ciyawa mai tsawon da ta wuce kan mutum. Ashe wata tarakta ma ta yi irin wannan dabara daga can ɓangaren. A bakin wani kwari suka yi karo. Lorin ya tsaya cak, ya ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ya kwanta a gefensa.

Abin da na tuna kafin ƙeyata ta bugi ƙasa shi ne ƙamshin ciyawar da tayoyi suka murƙushe, ɗanye, mai ɗan zaƙi kamar karan dawa. Da na farfaɗo na miƙe da ƙafafuna. Ƙanwata kuwa buhu uku aka ɗaga daga kanta. Cinyarta ta karye, ƙugunta ya tsage.

A asibitin Damazin aka sa mata ƙarfe. Ni an duba idona, an ce in ɗaga hannu, na ɗaga, aka ce in tafi. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Ikon Allah, wannan ko ƙwarzane!" Har yau akwai tsofaffin da ke nuna ni ga jikokinsu, wai ga wadda lori ya jefar ta tashi tana kakkaɓe zane.

Da aka dawo da ƙanwata gida aka shimfiɗa mata angarib, gadon igiyar nan, a tsakiyar rumfa. Mutane suka yi ta zuwa dubiya. Masu Hausa na cewa sannu, masu Larabci na cewa salamtik, kaffara. Ana kawo mata dabino da lemo da romon tattabara. Ni aka bar wa gahawa. Wata rana ina soya ƙwayar a kasko, na zagaya da shi gaban baƙi kamar yadda aka saba, kowace tana jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarta tana cewa masha Allah. Da na koma murhu na sunkuya a kan kaskon. Hayaƙin ya shiga idona har hawaye ya zubo. Ban da wannan babu komai. Na ɗauko kanumfari na tauna, na ji yaji a harshe, amma kanumfarin kansa ba ya nan. Na buɗe kwalbar humra mafi tsufa a akwatin Inna. Kamar na buɗe tulun ruwa.

Na sami Inna tana wanke finjali a gefen rumfa, idonta ya faɗa don rashin barci.

"Inna," na ce, "ba na ji."

"Mi?"

"Ba na ji."

Ta goge hannu a zane, ta zagaya bayana, ta yi raɗa can ƙasa-ƙasa: "Wa ya lashe sukarin baƙi?"

Na juya da sauri na ce, "Wallahi ba ni ba ce!"

"To ga shi kin ji. Kunnenki ya fi na zomo."

Daga kan gado ƙanwata ta ɗago kai ta ce, "Ai dama Yaya ba ta ji. Tun yaushe ake faɗa, sai yau ta amsa da bakinta."

Rumfa ta ɗauki dariya. Ƙanwata ma ta yi, tana riƙe da ƙugu tana cewa wayyo. Wannan ce dariyarta ta farko tun ranar lori, na ga Inna ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Kalma ɗaya ce ta rage in ƙara, in ce ƙamshi nake nufi. Ta zo har bakina. Sai na hango a raina matan nan masu karɓar humra zaune suna jira, Inna na cewa hancina bai taso ba, na tambayi kaina da me za ta kira ni in na faɗa. Na haɗiye, na koma murhu.

Daga nan Hausa ta yi mini sutura. Da ji ɗaya muke jin magana, mu ji zafi, mu ji yunwa, mu ji ƙamshi. Duk lokacin da Inna ta miƙo bayan hannunta ta ce, "Kin ji?" sai in ce, "Na ji, Inna." Na kuwa ji, tunda muryarta ta shiga kunnena. Da wannan nake lallashin kaina cewa ban yi wa mahaifiyata ƙarya ba.

Sauran hukuncin kuwa sata nake yi. Ƙanwata ba ta koma makaranta ba, don tafiyar ta fi ƙarfinta, gona kuwa ba a ma maganarta. Ƙafar ta warke gajera da kamar yatsa biyu, tana tafiya tana karkata, da sanda. Sai ta zama kullum tana zaune kusa da kayan Inna, ƙafa a miƙe, tana tsince sandal, tana wanke farce. Hancinta ya fara koyon abin da nawa ya manta. Na lura in abu bai yi ba, gefen hancinta na hagu yakan ɗan tattare, in ya yi kuwa sai girarta ta sauka. Saboda haka ina lumshe ido rabi, ina leƙen fuskarta ta ƙasan gashin ido, in faɗi abin da na karanta. In ta dubi kwanon kanumfari, in ce kanumfari. Inna ta ce, "Hancina ba ya kuskure."

Ba zan ɓoye ba, na yi kishin ƙanwata irin wanda ban san yana cikina ba. Kishin hancinta ma daga baya ya zo. Na farko kishin ɗingishinta ne.

Ciwonta yana da siffa, ana ganinsa tun daga bakin zaure. In sanyi ya shigo ko hadari ya haɗu, ƙugun yakan tashi, ta kasa juyawa a kan gado. Bayan la'asar Inna takan ɗumama man riɗi, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta yi ta murzawa daga ƙugu har diddige, suna hira ƙasa-ƙasa. Ni ina can gefe da littafi a buɗe, layi ɗaya nake maimaitawa. Ina kallon hannun Inna yana hawa yana sauka. Ni ma a lokacin kaina na sarawa daga ƙeya zuwa bayan ido, ciwon da ke zuwa duk ranar da na daɗe a rana, har in ga haske na tsinkewa gida biyu. Amma ciwon kai wa zai ɗumama wa mai? In na ce kaina, sai a ce karatu ne ya yi yawa, in sha ruwa in kwanta.

Abinci ya koma mini laka mai gishiri ko laka mai sukari. Miyar kuka da miyar kuɓewa bambancinsu yauƙi kawai. Na rame, aka ce 'yan makaranta ne ba sa son ƙiba. Damina ta farko bayan hatsarin, ruwa ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, yara suka fita suna tsalle, ƙanwata ta ja numfashi daga kan gadonta ta ce, "Kai, ƙasa!" Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ni ce na taɓa rubuta waƙa a makaranta a kan wannan ƙamshi, har malama ta karanta wa aji. Ranar, Allah ya gafarta mini, na yi fatan a ce ni buhunan suka danne. Na ɗauki sandarta da ta jingine a bakin ƙofa, na gwada tafiya da ita a tsakar ɗaki, ina karkata, ina duba yadda zan kasance in ni ake yi wa sannu.

Haka muka yi shekara huɗu. Na samu shiga jami'a a Wad Madani, wannan kafin yaƙi ne, lokacin da zuwa Madani hawa mota ne kawai. Duk hutu nakan dawo, kuma Inna takan tara manyan ayyuka har sai na zo.

A hutun nan ne aka kawo aikin wata amarya da za a kai Hasahisa. Dangin ango Larabawa ne, suka turo gwaggonsa da wasu mata biyu su halarci ranar dakan turare. Tsakar gidanmu ta cika. Turmi uku, mata na daka suna waƙa, ana guɗa, hayaƙi ya rufe rumfa. Da safe ni na gasa farcen, kaina na sarawa, na duba launinsa na ga ya yi ja, na sauke.

Da aka gama haɗi Inna ta dangwala a bayan hannunta. Kowa ya zuba mini ido, don an riga an gaya wa baƙin labarin hancin Inna. Ta miƙo.

"Kin ji?"

Na lumshe ido rabi, na nemi fuskar ƙanwata. Tana zaune a kujerarta, ƙafa a miƙe, amma ta ja tob ɗinta, babban mayafin nan da muke naɗe jiki da shi, ta rufe baki da hanci, kamar yadda budurwa ke yi a gaban baƙi. Ido biyu kawai na gani, suna kallona, ba su gaya mini komai ba.

"Na ji, Inna," na ce. "Ya yi. A rufe."

Inna ta ɗauki murfi.

"Inna, kar ki rufe." Ƙanwata ce, ta sauke mayafin. "Farcen nan da saura. Ƙarni na nan a ƙasa."

Inna ta shinshina hannunta, ta sake shinshinawa. Ta dube ni, ta dubi ƙanwata. "Ke, auta, mi kika sani? Yayarki ta ce ta ji."

"Awo, ta ji. Kunnenta ai ya fi na zomo." Ta gyara ƙafarta da hannu biyu. "Tambaye ta da Larabci, Inna."

"Wane irin shashanci ne wannan a gaban baƙi?"

"Ki dai tambaye ta."

Gwaggon ango, da ba ta jin Hausa, ta riƙa tambayar ta kusa da ita me ya faru. Inna ta tsaya da murfi a hannu. Mu duka mun san abin da ƙanwata ke nufi, don a Larabci sauraro daban, shinshina daban, babu inda mutum zai raɓe. Na ga lokacin da abin ya isa zuciyar Inna, fuskarta ta sake kamar an kwance ƙulli.

Ta ce a hankali, "Shammeti?" Wato, ƙamshin ya shiga hancinki?

Na dubi bayan hannunta, inda humrar ke sheƙi, launin zuma.

"La," na ce. A'a.

"Tun yaushe?"

"Tun lori."

Inna ta janye hannunta. Ta ajiye murfin, ta juya ga gwaggon ango da fara'a, ta ce mata da Larabci farce ne ke son ƙarin wuta, a yi haƙuri zuwa gobe. Ta miƙa wa ƙanwata bayan hannunta. Wannan ne karo na farko da na ga hannun nan ya wuce ni.

Da baƙi suka watse, kafin magariba, na sami ƙanwata tana tattara kwanoni. Na ce, "Da gangan kika rufe fuska."

"Baƙi ne, Yaya. Kunya."

"Ƙarya kike."

Ta ɗaga kafaɗa. "Shekara huɗu kina karanta hancina kamar allo. Kin zaci ban sani ba? Ranar da gefen tob ɗinki ya kama da wuta a bakin kasko kina ta karatu, wa ya buge wutar da sanda? Har kika ce na tsorata ki. Ni ƙauri na ji tun daga gado."

"To me ya sa sai yau? A gaban mutanen Hasahisa?"

"Da an rufe kwalba, ta tashi da ƙarnin kifi a ɗakin amarya, sunan wa zai ɓaci?" Sannan ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba, "Kuma ke kina da ƙafa. Kina da Madani, kina da littattafai. Ni ko tsayuwa a kan turmi ba na iyawa. Hancin ma sai ki riƙe?"

Ban taɓa tunanin tana kallon ƙafafuna yadda nake kallon sandarta ba. Amma sanin haka bai rage mini komai ba.

Washegari da hantsi ina shara, Inna ta kira ni, "Ke." Na zo. Ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta zame ɗankwalina, ta lalubi ƙeyata da yatsu har ta sami ɗan tudun da ya rage a wurin. Man riɗin da ta ɗumama na gefe. Ta shafa, ta daɗe tana murzawa. Ta ce, "Sannu." Ta sake cewa, "Sannu, ɗiyata. Kin faɗa mini, ni ce ban ji ba." Na sunkuyar da kai ina kuka, ina ƙoƙarin tuna yadda jikin Inna yake ƙamshi, sandal da hayaƙi da ɗan gumi, ga shi tana kusa da ni kamar ba a taɓa yi ba, ni kuwa ko alama.

Baba ya kai mu Madani mu biyu wurin likita. Ni aka ce wasu jijiyoyi ne sirara kamar zare tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa, bugun ƙeya yakan tsinka su, kuma bayan shekaru haka kar in sa rai sosai. Ya ce ciwon kan ma daga nan ne. Ya hana ni girki da gas ni kaɗai, ya ce in riƙa ba wani ya shinshina mini nono da ragowar abinci kafin in ci. Ƙanwata aka ce gaɓar ƙugun na cinyewa a hankali, wata rana sai an sake aiki, kuma in Allah ya kawo haihuwa, a asibiti za ta yi. A mota muna dawowa ta ce, "To, Yaya, ni zan riƙa shinshina miki nono, ke ki riƙa ɗauko mini ruwa." Na ce Allah ya kiyaye. Muka yi dariya, amma ta taga nake kallo.

Yanzu in ana dakan turare ni ce a kan turmi, don ƙarfin hannu da na ƙafa ban rasa ba. Wani lokaci in an buɗe sabuwar kwalba nakan kasa daurewa, in ce wa ƙanwata, "Yaya yake?"

Ta ce, "Daɗi."

"Daɗi kamar me?"

"Kamar humra mana, Yaya. Daɗi dai."

Sai in ji kamar in jefe ta da taɓarya. Da ni ce, da na ce sandal ne ya fara shigowa kamar babban baƙo, kanumfari na bin bayansa da surutu, farce kuma na can ƙurya bai ce komai ba, shi ne zai kwana. Ina da maganar har yanzu, tana nan cike da bakina. Ita kuma hancin ya tafi wurinta, ta rasa abin faɗa sai daɗi.

Inna tana kirana ɗiyata yanzu, in babu kowa. Ina so, ba zan ce ba na so ba. Amma jiya wata mata ta zo karɓar humra, ƙanwata na bayan gida tana alwala, sai Inna ta ce mata, "Ɗan zauna, hancina na zuwa." Ina tsaye a kan turmi, taɓarya a sama. Na ji sarai. Na sauke ta a kan sandal da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata, har Inna ta ce in yi a hankali kar in fasa mata turmi.